Wace Jami'a Zan Kai Ɗana Inda Babu Shaye-shaye?

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Kano, mahaifinsu Allah ya yi masa rasuwa. Babban ɗana ya shiga jami'a lafiya lau, yaro mai kunya da ladabi, sai da ya kai aji uku muka gano yana shan sirof da ƙwaya. Ƙarshe dai aka kore shi, yanzu yana gida muna ta faman magani. To ga ƙaninsa ya gama sakandare, ya samu maki sama da 280 a JAMB, yana son karatun injiniyan lantarki. Baffansa ya ce a kai shi Zariya ko Minna. Ni kuwa da an ambaci tafiyarsa sai gabana ya faɗi. Wata aminiyata ta ce in sayar da filin da suka gada in kai shi jami'ar kuɗi mai tsaro, ko wata ƙasar Musulmi. Zuciyata kuma ta fi kwanciya da ya yi BUK yana kwana a gabana. Don Allah ka faɗa mini sunan jami'ar da ake karatu sosai kuma babu giya babu ƙwaya.
Uwa mai fargaba, Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigidan, ya ba babban lafiya mai ɗorewa, shi kuma ƙaramin Allah ya sa wa karatunsa albarka. Fargabarki ba abin zargi ba ce. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Amma gara in faɗa miki tun yanzu: jami'ar da babu mai shaye-shaye ko ɗaya a cikinta, babu ita. Ba a Najeriya ba, ba a waje ba. Duk wanda ya ambata miki suna ya ce a can kam babu, ko dai talla yake yi wa makarantarsa, ko kuma bai taɓa zagayawa bayan ɗakunan kwanan ɗalibai ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai tiramol da danginsa miliyan 4.6, sai maganin tari miliyan 2.4. Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta mata sama da miliyan 1. Jami'ar da ke ɗauke da dubun dubatar ɗalibai gari ce guda, kuma abin da ke yawo a cikin gari ba ya tsayawa a bakin get ya nemi izini.

Kin haɗa giya da ƙwaya a tambayarki, to a nan Arewa ba nauyinsu ɗaya ba. Giya tana da wari, tana da abin kunya, ga Hisba, kuma sai yaro ya yi takakkiya zuwa wasu unguwanni sanannu kafin ya same ta. Ana sha, ban ce ba a sha ba, amma ba ita ta cinye mana yara ba. Abin da ya cinye su shi ne wanda ba ya wari. Sirof a juye shi cikin robar lemo a riƙa kurɓa a bainar jama'a. Ƙwaya a cikin aljihun gaban riga. Yaro ya haɗiya, ya yi alwala, ya shiga sahu, ba wanda ya lura. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton da BBC ta fitar, abin da ya biyo baya kuwa shi ne kwalbar ta yi tsada ta koma ana sayar da ita a ɓoye, masu sha kuma suka ƙara karkata ga tiramol da roci da sauran ƙwayoyin barci. Don haka in aka ce miki gari kaza garin addini ne, ba a sayar da giya, ba a amsa tambayarki ba tukuna.

Abin da ya bambanta shi ne yadda rayuwar ɗalibi take a kowane wuri: ina yake kwana, da wa yake cin abinci, awa nawa ne a yininsa ba shi da abin yi, nawa ne a aljihunsa, kuma in ya shiga matsala wa zai fara kira. A cikin jami'a ɗaya za ki samu yaron da ya yi shekara biyar bai taɓa ganin an buɗe kwalba a gabansa ba, ki samu wanda tun makon farko ya faɗa hannun 'yan hannu. Makaranta ɗaya, malamai ɗaya. Ɗaki ne ya bambanta, da abokai.

Saboda haka ki fara da karatun, ki bar maganar tsaro ta biyo baya. Kuma ba sunan jami'a za ki duba ba, sashen da zai shiga za ki duba. Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, kwas-kwas take tantancewa, ba jami'a dungurungum ba. Wani kwas ya samu cikakkiyar amincewa ta shekara 5, wani ta wucin gadi ta shekara 2, wani a hana shi, duk a makaranta ɗaya. Karatun injiniya kuma yana da nasa mai sa ido na daban, wato COREN, kuma in babu amincewarta, yaro zai gama ya zo yin rajistar zama cikakken injiniya ya tarar da ƙofa a rufe. Wannan abu ne da shi yaron da kansa zai iya binciko miki a wayarsa. A nan baffansa bai yi kuskure ba. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take, kuma tsangayar injiniyarta ta gaji tsohuwar kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya da ta riga jami'ar kafuwa. Ta Minna an kafa ta a 1983 musamman don fasaha. Ga ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga ita kanta BUK da tsangayar injiniyarta ta daɗe tana yaye mutane. Dukkansu sun isa a kai yaro mai maki irin nasa.

Za ki ce me ya haɗa wannan da tambayarki. Ya haɗa ƙwarai. Sashen da ake karatu da gaske yana cinye lokacin yaro. Lakca da safe, ɗakin gwaji da rana, zanen injiniya da za a miƙa gobe, rahoton gwajin jiya da ba a gama rubutawa ba, ga gwajin lissafi ranar Asabar. Shekara biyar ake yi a haka, da watanni na koyon aiki a masana'anta a aji huɗu. Yaran da ke irin wannan sashe su ne abokansa na dole, kuma yawancinsu abin da ke gabansu ya ishe su. Inda malami ba ya shiga aji, ɗakin gwaji a kulle, ana sayen maki, a nan ne yini yake tsawo, majalisa take kafuwa tun hantsi.

Sai dai akwai wata ƙofa da iyaye ba su cika sanin da ita ba, kuma ita ce na fi jiye wa ɗanki. Muna ɗauka shaye-shaye ta wajen fati da 'yan mata da abokan banza kawai yake shigowa. Yaro mai ƙoƙari ba ta nan ake kama shi ba. Shi tun firamare na ɗaya yake zuwa, gida da makaranta kowa ya san shi da ƙwaƙwalwa. Ya shiga aji ɗaya a jami'a ya tarar da ɗaruruwan yara a zaure guda, kowannensu shi ne na ɗaya a makarantarsu. Malami yana can gaba, lasifika ba ta aiki, ba wanda ya san sunansa. Aka yi gwajin farko na lissafi, aka liƙa sakamako a allo, ya ga 9 cikin 30 a gaban lambarsa. Bai taɓa faɗuwa ba a rayuwarsa, bai san yadda ake yi da ita ba. Ba zai kira ki ba, don ya san abin da kika sha a kan yayansa, ya san duk gidan shi aka zuba wa ido. Jarrabawa ta matso, ana kwana a aji ana karatu har asuba, barci yana fizgarsa. Sai na kusa da shi, wanda ba ɗan iska ba ne, shi ma ɗalibi ne mai neman maki, ya miƙo masa rabin ƙwaya ya ce wannan tana hana barci, tana sa karatu ya zauna. Ba maye ya je nema ba, maki ya je nema. Ranar farko kuwa sai ya ga kamar ta yi aiki. Bayan wata biyu in bai sha ba jiki ciwo, hanci na zuba, barci ya gagara, sai a ƙara masa da ta barci don ya runtsa. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100, wanda ke yawo a hannun yara kuwa har mai 225 akwai, kuma yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Wannan ƙofar tana nan a kowace jami'a mai tsananin karatu, har ma ta fi faɗi a can. Katanga ba ta toshe ta. Abin da ke toshe ta shi ne yaro ya tafi da sanin cewa in ya faɗi gwaji zai iya kiran uwarsa ya faɗa mata, duniya ba ta tashi ba. Wannan kuwa aikinki ne, ba na shugaban jami'a ba.

Sai wurin kwana, wanda a ganina ya fi sunan makarantar muhimmanci. Iyaye masu ɗan hali sukan leƙa hostal su ga mutum shida ko takwas a ɗaki, ga kuɗin cizo, ga layin ɗiban ruwa, ga banɗaki sai an toshe hanci, sai tausayi ya kama su su ce ɗansu ba zai zauna a nan ba. A je bayan makaranta a kama masa ɗaki shi kaɗai, da banɗakinsa a ciki, a sa masa katifa mai kauri da ɗan janareto. To kin san me aka yi? An buɗe majalisa. Ɗakin da ke da wuta lokacin da unguwa ke cikin duhu, ba mai gadi, ba dokar shiga da fita, mai gidan yana wani gari sai ƙarshen shekara ya aiko a karɓi haya, nan kowa zai zo cajin waya, daga caji a zauna kallon ƙwallo, daga ƙwallo wani ya fito da tukunyar shisha. Mai ɗakin yaro ne sabon zuwa mai kunya, ba zai iya korar manyansa ba. Hostal da duk ƙazantarsa idanu ne da yawa. Akwai wanda zai tashe shi sallar asuba, akwai ɗan aji huɗu da zai ce kai, wancan yaron da kake bi ba na kirki ba ne, akwai jami'in ɗakunan kwana, akwai masallaci a tsakar gida. Ba wai ba a sha a hostal ba, ana sha, amma a ɓoye ake yi, kuma wanda ba ya so yana da inda zai raɓa. Gadaje ba sa isa, ta intanet ake rabawa kuma nan da nan suke ƙarewa, sai dai yawancin jami'o'i kan fifita sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe. Ranar da aka buɗe shafin rabon gado, ya kasance yana zaune da kuɗinsa a hannu. In bai samu ba, a nema masa gidan da iyali ke ciki, ko ya haɗa ɗaki da yaron da kuka san iyayensa. Ɗaki shi kaɗai a shekarar farko, a'a.

A Amurka doka ta tilasta wa jami'o'i tun 1990 su riƙa wallafa rahoton shekara-shekara na laifukan da aka yi a harabarsu, har da adadin waɗanda aka kama ko aka ladabtar kan giya da ƙwaya, uba ya zauna a gida ya kwatanta makaranta da makaranta. Mu ba mu da wannan, sai ƙafa. Ki sa baffansa ya je, ko ku je tare da yaron. Kada ku je ranar bikin ɗaukar sababbin ɗalibai da aka share ko'ina aka yi fenti. Ku je ranar Alhamis ko Juma'a da yamma, ku kai bayan isha. Ku bar ofisoshi ku zagaya unguwar da ɗalibai ke haya. Ku dubi kwata da bola: ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa da fankon katin ƙwaya ba sa ƙarya, in sun yi yawa za ku gani. Ku zauna wajen mai shayin da ke kallon kemis ɗin bakin get na rabin awa, ku ga su wa ke shiga, ko da takardar likita suke zuwa ko kuwa hannu kawai ake miƙawa ta gefe a dunƙule. Mai shayin nan, da mai gadi, da masu shara, da ɗan adaidaitan da ke jigilar dare, sun fi kowane farfesa sanin wane gida ne ake kwana ana kiɗa, wane layi ne na masu karatu. A saye shayi, a yi hira, za su faɗa.

Daga nan ku shiga ciki ku nemi limamin masallacin jami'a da shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, waɗanda a manyan jami'o'in nan sukan shirya wa sababbin ɗalibai darussan ƙarin haske kyauta. Yaron da ya faɗa hannunsu a makon farko ya samu abokai da masu koya masa lissafi a lokaci ɗaya. In kun samu ganin shugaban sashen harkokin ɗalibai, kada ku tambaye shi ko ana shaye-shaye a makarantarsa. Ku ce masa: bara da kuka kama yara, me kuka yi da su? Wanda ya ce ai mu ba mu da wannan matsalar, ku yi masa godiya ku fito. Wanda ya ce muna da ita, ga ofishin masu ba da shawara, ga likitan da muke tura su wajensa, ga lokacin da muke kiran iyaye, ga wanda muke kora, wannan ya san makarantarsa.

Maganar aminiyarki ta jami'ar kuɗi ba shirme ba ce gaba ɗaya. Suna da abubuwa biyu na gaske: ba sa yajin aiki, kuma da yawansu ɗalibi a ciki yake kwana, ba ya fita sai da izini. Ajin ma ƙarami ne, in yaro ya yi kwana uku bai zo ba za a lura. Amma ki sani inda kuɗi ya taru a hannun yara, mai sayarwa yana nemo hanya, ko ta hannun ma'aikaci ko ta cikin kwalin abinci. Akwai kuma iyayen da sai da yaro ya lalace a wani wuri suke kai shi irin waɗannan makarantu don a tsare musu shi, ya zama abokin ɗakin naki. Kuma inda hukunci ɗaya ne tak, kora, yara sukan ƙware wajen rufa wa juna asiri, har wani ya suma a ɗaki a ƙi kai shi asibiti don tsoro. Gwajin fitsari da ake tallatawa yana da amfani, amma yawancin ƙwayoyi kwana kaɗan suke yi su fita daga jiki, yaron da ya san ranar gwaji ya san ranar da zai dakata, kuma gwajin gama-gari ba ya nuna tiramol sai an sa shi musamman. Ga shi da yawa daga jami'o'in kuɗin ba su daɗe da fara karatun injiniya ba, shi kuwa karatu ne na injuna da ɗakunan gwaji da ƙwararrun malamai, ba na gini mai sheƙi ba. In za a duba su, a duba su da ma'aunin da aka duba sauran.

Filin marayu kuwa, Hajiya, kada ki sayar. Ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai haƙƙin 'yan'uwansa, har da shi babban da maganinsa bai ƙare ba. Kuma kuɗin shekara biyar ake magana, ba na shekara ɗaya ba, ga shi kullum ƙaruwa yake. Yaron da aka cire daga makaranta a aji uku don kuɗi sun ƙare, kin san irin halin da yake shiga.

Ƙasar waje ma haka. Sunan ƙasar Musulmi ba ya tsare kowa. Masar ta daɗe tana fama da nata bala'in tiramol, a Malesiya da Turkiyya giya a kanti take. Hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta sha gargaɗin iyaye kan tura yara Arewacin Sayifurus. Yaranmu da ke Khartum sai kwaso su aka yi a motoci da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, a Janairun 2024 kuma gwamnati ta dakatar da tantance digirin ƙasashen Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sayo nasa a Kwatano cikin makonni shida. Akwai jami'o'i nagari a waje, amma yaro ɗan shekara 17 da kuɗin waje a hannu, ba mai leƙa shi sai ta bidiyo, ba shi ne maganin fargabarki ba.

Saura BUK da kwana a gida. A wani gidan da nan zan ce a tsaya, don ga sauƙin kuɗi, ga abincin gida, ga karatu mai kyau. A naki gidan sai na ɗan ja numfashi, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Masu kawo wa babban kaya ba a jami'a suka tsaya ba. Duk mai fama da wannan ciwo yana da lambobi a waya da sanayya a unguwa, kuma ko yana samun sauƙi, su ba su daina nemansa ba. Ƙaramin in yana gida, shi za a riƙa aike, shi zai riƙa rufa asiri, shi zai tashi tsakar dare in rikici ya tashi alhali yana da jarrabawa da safe. Sannan kwana a gabanki ba ya nufin kin san inda ya yini. Daga cikin gari zuwa sabuwar jami'a a titin Gwarzo tafiya ce, tsakanin fitarsa da safe da dawowarsa bayan magariba sama da awa goma ne da ba kya gani. In BUK ɗin ce, ni da zai samu gado a ciki ya riƙa zuwa gida ƙarshen mako, da ya fi. In kuma Zariya ce, ai ba nisa, da safe za ki tashi ki je ki dawo kafin la'asar. Minna ta fi nisa, wannan kaɗai ya sa zan sa ta a baya, sai in akwai ɗan'uwa na jiki a can.

Abu ɗaya da jami'ar gwamnati za ta jawo miki shi ne yajin aiki. Na 2020 wata tara ya ci, na 2022 wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yara da dama ba a makaranta suka koyi shaye-shaye ba, a zaman jiran a janye yajin aiki suka koya, a bakin layi. Tun yanzu a nema masa ubangida a cikin masu haɗa sola ko gyaran inbata ko wayarin ɗin gidaje, ya fara zuwa kafin a kira su rajista. Duk ranar da aka rufe makaranta, washegari da safe ya san inda za shi. Ga mai karatun lantarki ma wannan rabin karatun ne.

Kuɗi kuma a riƙa tura masa na mako-mako ko na sati biyu, kada a damƙa masa na zango guda. Ki karɓi lambar shiga shafinsa na makaranta tun ranar rajista, da saninsa, ba a ɓoye ba, ki ce sakamako tare za ku riƙa dubawa. Kin riga kin san alamomin, kin gan su a gida: barcin rana da rashin na dare, murya ta yi nauyi a waya, yawan soshe-soshe, rama, waya ta ɓata sau biyu a zango ɗaya, kuɗin littafin da ba ya ƙarewa. Amma kada ki mai da kowane kira bincike. Yaron da aka tsare da tambayar ina kake, da wa kake, me ya sa muryarka haka, sai ya koyi gajarta magana, daga nan ya koyi ƙin ɗauka.

A duk wasiƙarki na ji ra'ayin baffansa, na ji na aminiyarki, na ji naki, ban ji nasa ba. Ki zaunar da shi ku biyu, ba a gaban baffa ba, ba a gaban yayansa ba. Ki tambaye shi ina yake so, kuma me ya sa. Ki tambaye shi me ya gani game da yayansa da ke ba ki gani ba, za ki sha mamakin abin da ya sani, wataƙila ya riga ki ganewa da shekara guda. Ki faɗa masa gaskiya cewa likitoci sun tabbatar saurin kamuwa da jarabar kayan maye yana bin jini a wasu gidaje, don haka abin da abokinsa zai gwada sau ɗaya ya wuce, shi kada ya gwada ko da wasa, kuma ko ciwon haƙori ne ya tafi asibitin makaranta, kada ya karɓi magani a hannun ɗan ɗakinsu. Sannan ki furta masa da bakinki cewa ba shi zai biya bashin yayansa ba, ba a tura shi ya wanke sunan gida ba, in ya samu kariyoba, wato ya faɗi wani kwas sai ya maimaita, ya kira ki a ranar. Kada ki ɗauka ya sani. Yaran da suka tashi a gidan da ake jinya sun saba haɗiye nasu don kada su ƙara wa uwa.

In ya zaɓi wadda ba ita ya cike a fom ba, JAMB tana ba da damar canza makaranta a cibiyoyinta, sai a hanzarta kafin jami'ar ta rufe rajistar tantancewarta.

Shi kuma babban, kada hidimar ƙaramin ta sa a sassauta zuwa asibiti, don a irin wannan lokaci da ake shirya wa ƙani akwati ne ciwon korar da aka yi masa zai taso sabo. Akwai asibitin Dawanau nan kusa da ku, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna, kuma hukumar NDLEA tana da layin kira kyauta dare da rana, 0800 1020 3040, inda ake haɗa mutum da masu ba da shawara ba tare da an kama kowa ba. In likitansa ya ga ya samu natsuwa, jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiya a Kano, ana iya fara maganar komawarsa karatu a hankali. Ki gaishe mini da baffan nasu, ki ce masa tafiyar ranar Alhamis ɗin nan da shi za a yi.